Juma'ar da Oba-oba Ba Ta Amsa Ba

Da rana tsaka aka kwance shanun huɗar Malam Nagoggo, ranar Juma'a, mazan Rijiyar Ɗinya duk suna masallaci a garin Babban Mutum. Bijimai biyu ne, fari da ja. Da safe sun yi aiki a gonarsa ta gabas, aka kawo su gindin tsamiya a bayan gari aka ɗaure su su huta. Da aka dawo daga masallaci ba a tarar da komai ba sai turaku biyu da ɗanyen kashi. Ga ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, rabin gonar tsohon ba a huɗe ba.

Ba satar ce ta fi ɗaure wa mutane kai ba. Garin yana da tsarinsa. Layin waya ba ya kamawa sai an hau tudu, shi ya sa bara aka yi karo-karo aka sayo wa 'yan sintiri oba-oba huɗu, ƙananan rediyon hannu da ake magana da juna daga nesa. Duk Juma'a mutum ɗaya yake zama gadi da guda, sauran ukun su tafi masallaci da nasu. In wani abu ya taso, kira ɗaya ya isa, babura su iso kafin ɓarawo ya fita daga gonaki.

Wannan Juma'ar Suhaibu ne mai gadi. Ya rantse ya ga mutum uku suna kora shanun, ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, ba a amsa ba. Isyaku, kwamandan sintiri, ya rantse bai ji kiran kowa ba.

Kafin la'asar gari ya tsayar da magana a kan mutum ɗaya, Munzali mai shagon caji. Shi yake yi wa oba-obar caji da solarsa, shi yake saita su, shi ya raba su da safe. Kuma ba a gan shi a masallaci ba. Ya ce Daura ya je sayen kayan gyara, can ya yi sallah, amma ba shi da shaida. Wani ya tuna baƙi daga tsallaken iyaka suna zama a bencinsa. Daga nan aka fara faɗin kalmar da ba a son ji: infoma, mai kai wa ɓarayi bayani.

Samari suka fito da shi daga shago da mari. Da ƙyar mai gari ya ƙwace shi, ya sa aka kulle shi a ɗakin ajiya na ofishin sintiri. Sannan ya aika a kira Malam Kalilu mai bin sawu.

*

Duk ƙasar Baure an san Malam Kalilu. Raƙumi ya ɓata, akuya ta bi wani garke, shi ake nema. Kuma Munzali ɗansa ne na fari.

"Malam Kalilu, na san abin da nauyi," in ji mai gari. "In kana so, sai in aika a nemo wani."

"Ranka ya daɗe, shanu aka ce in bi, zan bi su."

"To. Na riga na sanar da jami'an tsaro. Gobe bayan la'asar motarsu za ta zo. In ba ka kawo mini wata magana ba, dole in miƙa shi. In na bar shi a nan, yaran nan ba za su bar shi da rai ba."

Malam Kalilu ya ce, "Gaskiya ne," kamar ana maganar ɗan wani. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin uba ya ambaci sunansa, balle ya tsaya gaban jama'a yana kare shi. Amma da ya miƙe sai da ya dafa bango. Ya san abin da sunan infoma yake yi wa mutum. A wani gari kusa da su an taɓa tafiya da wani da shi. Har yau bai dawo ba, matarsa da 'ya'yansa kuma sai da suka bar garin, don ko gishiri an daina sayar musu.

Ya tafi gindin tsamiya tare da Ikrima, ɗaya daga cikin 'yan sintirin, mutum mai yawan magana. Ƙasa a jiƙe take, sawu ya fito sarai. Mutum uku, takalman roba, ɗaya yana jan ƙafar hagu. Sun bi da shanun ta cikin kwari, suka ɓulla kusa da rugar da ke arewa da gari.

"Na faɗa!" in ji Ikrima. "Tun ɗazu nake cewa a duba ruga."

"Duba ƙasa, ka bar duba ruga. Sun ratsa ta hanyar garke ne don sawu ya cakuɗe. Ga su can sun fita, ba wanda ya fito daga bukka ya tarye su."

Sawun ya kai su titin burji, inda tayar babbar mota ta tsaya. Nan ya ƙare. Amma Malam Kalilu ya koma baya, ya tsuguna a wani wuri cikin kwarin ya daɗe.

"Me ka gani, Malam?"

"Nan suka tsaya. Wannan ya zauna ya cire ƙaya. Wancan ya fasa goro, ga ɓawon. Shanun ma tafiya suke, ba gudu ba." Ya ɗaga kai. "Kai, in ka saci sa da rana, ka san akwai mai gadi da oba-oba a hannu, za ka zauna cin goro?"

"Ni? Wallahi ko takalmi ya cire ba zan waiwaya ba."

"To waɗannan sun san ba mai zuwa. Taka oba-obar fa, ina take lokacin?"

"A aljihuna, a kashe. Haka muke yi, kowa ya sani. In an shiga masallaci mu biyu mu kashe, Kwamanda kaɗai yake barin tasa, ya zauna sahun baya yana saurare."

*

Isyaku yana ƙofar gidansa yana wasa gatari lokacin da Malam Kalilu ya iso, rana ta yi sanyi. Ya taɓa aikin gadi a birni, yana ji da wannan.

"Ni ba ni da abin ɓoyewa," in ji shi. "Yaron ya ba mu kayan da ya riga ya lalata. Tawa shuu kawai take yi."

"Shuu kawai?"

"Shuu kawai."

"Kwamanda, waɗanda suka zauna kusa da kai sun ce har wani dattijo ya juyo ya harare ka."

Isyaku ya ajiye gatarin. Ya dubi hanya, ya ga ba kowa, sannan ya rage murya.

"Liman yana hawa mumbari ta fara ƙara. Hayaniya, kamar lasifikar masallacin ce ta shige cikinta, ga wani ƙugi. Na rage, ba ta daina ba. Mutane suna ta juyowa. Ana huɗuba, Malam, ko magana ba a yi. Sai na kashe ta."

"Ka kashe ta."

"Na ce zan kunna in an idar. Da na kunna, ƙarar tana nan, na sake kashewa. Kada ka dube ni haka. Ba ta taɓa yi mini wannan ba sai yau, kuma daga hannun yaron ta fito."

Malam Kalilu ya yi masa sallama. A hanya zuciyarsa ta yi ta kai shi ga Isyaku. Mutum ɗaya ne yake saurare a duk masallacin, kuma shi ne ya kashe, sannan ya ɓoye. Sai dai dattijon da ya harare shi ya ji ƙarar da kunnensa. Ba ƙirƙirar ta aka yi ba.

*

Mai oba-oba ta huɗu shi ne Zakiyyu, ƙanin Safiyatu matar Malam Kalilu. Yana kiwon zabi, yana ɗan saye da sayarwa a ƙauyukan iyaka. Akwai wasa tsakaninsu tun yana yaro, lokacin da Malam Kalilu yake zuwa zance gidansu. Washegari da safe Malam Kalilu ya same shi yana watsa wa zabinsa dawa.

"A'a, mijin Yaya! Yau ni aka biyo sawu?"

"Kai sawunka ba wuya, duk inda ake rabon tuwo."

Zakiyyu ya yi dariya, sannan ya ɓata fuska. "Wallahi abin nan ya hana ni barci. Ɗan Yayata ne, ɗana ne. Amma in an tambaye ni gaskiya dole in faɗa. Ban ce ya haɗa baki da kowa ba. Na dai ce oba-obar da ya ba ni ba caji. Jira ka gani."

Ya shiga ɗaki ya fito da ita, ya murɗa. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Ka gani? Tun kafin mu baro Babban Mutum ta mutu. Na je in kunna bayan sallah, shiru. Abin da aka ce an cika da safe."

"Lokacin sallah tana ina?"

"A aljihun 'yar-ciki, a kashe, kamar kullum."

Malam Kalilu ya karɓa ya jujjuya ta, shi da bai san kanta ba. Ya ji tana ɗan manne masa a hannu. Da ya mayar, sai ya ga baƙi a babban yatsansa, ya goga a gefen riga bai fita duka ba.

"Zabin naka sun ragu," in ji shi, don ya sami abin faɗa.

"Na kai wa wani mai tuwo-tuwo kwando guda jiya. Kafin ka tambaya, ba rabonka a ciki."

Malam Kalilu ya yi masa sallama ya fito. Shaida biyu ke nan a kan yaron, ɗaya daga bakin kawunsa.

*

Ɗakin ajiyar yana da 'yar taga mai ƙarfe. Malam Kalilu ya gaya wa mai tsaron ƙofa cewa bincike ya kawo shi, ya tsaya a gefen tagar yana kallon titi. Kallo ɗaya ya yi wa cikin ɗakin, ya ga leɓen Munzali a kumbure, ya kau da kai. Ya ji kamar ya sa hannu ya ɓalle ƙarfen.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Kai, abin nan naku, yaya yake aiki? Faɗa mini kamar kana koya wa wanda bai taɓa gani ba."

Munzali ya matso. "Akwai madanni a gefe, Baba. In za ka yi magana ka danna ka riƙe. In ka gama ka saki, sannan ka ji amsa. Muddin kana danne, kai ba ka jin kowa."

"In mutum biyu suka danna tare fa?"

"Wanda ya fi kusa da mai saurare shi ake ji. Na nesa ya ɓace, ko ihu yake yi. Shi ya sa nake ce musu a taƙaita magana, layin ɗaya ne. Kwanaki Ikrima ya zauna a kan tasa a wurin mai shayi, duk muka sha hirarsa, ba wanda ya iya kiran wani sai da ya tashi. Har Kawu Zakiyyu ya yi ta tsokanarsa."

Malam Kalilu ya ce, "An ce ka ba da ɗaya ba caji."

"Wallahi, Baba, sai da wutar kowacce ta koma koriya na cire. Ni da nake faɗa da su kullum, kada a ɗauke ta ta eriya, kada a bar ta a ruwa, kada a ajiye ta a rana? In saurare kawai ake yi, tana kai yini da kwana har ta wuce. In a kashe take, ai ba abin da zai taɓa batirin. Magana ce take cin caji."

"In aka danna ba a saki ba?"

"Ba za ta daɗe ba. Kuma za ta yi zafi, zafin da ba ka iya riƙe ta."

Malam Kalilu ya dubi babban yatsansa. Ya kai shi hanci. Warin roba ne, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur.

"An ba ka abinci?" ya tambaya, yana kallon titi.

"An ba ni. Baba, da gaske yau za su zo?"

"Ka yi sallah, ka zauna," in ji Malam Kalilu, ya tafi da sauri don kada muryarsa ta tona shi.

*

Ya sami Suhaibu a gona yana cirar ciyawa shi kaɗai. Tun jiya wasu suke cewa barci ya yi a bakin gadi, shi ya sa yake gudun mutane.

"Malam, in kai ma ka zo ka ce na yi barci ne…"

"Na ga inda ka tsaya a kan tudu. Mai barci ba ya tattake ƙasa haka. Mutum uku da makami, kai ɗaya da bindigar toka, ba wanda zai ce ka bi su. Abu ɗaya nake tambaya. In ka kira ka saki madannin, me kake ji?"

"Ba a amsa ba."

"Ban ce amsa ba. Me kake ji?"

"Au, huɗuba mana."

"Huɗuba?"

"Tun kafin ɓarayin su zo take fitowa. Muryar liman, can nesa-nesa. Na ɗauka Kwamanda ne ya tausaya mini ya danna, don in sami ladan saurare tunda ni aka bari. Har na ji daɗi, na ce Allah ya saka masa. Da na ga mutanen nan na yi ta kira, in na saki sai in ji liman yana ci gaba. Na ce to, ya manta ne bai saki ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma in faɗa, a ce na ɗora wa Kwamanda laifi?"

"Bayan liman, ba ka ji komai ba? Tari, ko motsin mutane a sahu?"

"Babu. Ai ban ma ji huɗubar da kyau ba, zabi sun hana. Kamar a cikin kunnena suke kuka. Na ce wannan wane irin masallaci ne da zabi a sahu."

Malam Kalilu ya zauna a kan kunyar gona. Suhaibu ya miƙo masa ruwa a gora, ya sha, ya ce, "Bayan azahar ka zo zauren mai gari da taka. Abin da ka gaya mini shi za ka faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage."

*

Zauren ya cika, samari sun yi cincirindo a waje. Aka kawo Munzali aka zaunar da shi a lungu. Malam Nagoggo yana kusa da mai gari, ya haɗa kai da sandarsa. Malam Kalilu ya roƙi 'yan sintiri huɗun su ajiye oba-obarsu a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, ni ban san wannan abu ba sai yau. Don haka a gwada a gaban kowa. Suhaibu, ɗauki taka ka tafi bakin rijiya ka kira Kwamanda."

Jim kaɗan muryar Suhaibu ta fito daga ta Isyaku, tar. Malam Kalilu ya ciro guntun roba daga aljihu, ya ɗauki ta Ikrima, ya naɗa a tsakiyarta ta kan madannin, ya miƙa wa wani ya riƙe a bakin ƙofa. Nan take muryar Suhaibu ta ɓace. Sai ƙugi, da hayaniyar samarin da ke waje tana fitowa daga ta Isyaku.

Isyaku ya miƙe tsaye. "Wannan ce! Wallahi irin ƙarar da ta yi mini ke nan!"

"Suhaibu yana can yana kira har yanzu," in ji Malam Kalilu. "Ba mai jin sa. Haka aka yi jiya. Ba a lalata komai a shago ba. Wani ne ya ɗaure bakin tasa a kusa da masallaci. Ya san Kwamanda kaɗai ke saurare, ya san in ta dame shi ana huɗuba zai kashe."

Aka kwance robar, aka kira Suhaibu ya dawo.

"Huɗu aka yi wa caji jiya da safe. Uku ga su da rai har yanzu, har da ta wanda ya kira sai da muryarsa ta dishe. Ɗaya ce ta mutu, kuma mai ita ya ce a kashe take. Ranka ya daɗe, a duba jikinta."

Mai gari ya ɗauki ta Zakiyyu ya kai ta haske. Wani baƙin layi ya zagaye ta, ya bi ta kan madannin, yana manne wa hannu.

"Roba ce ta narke a jiki saboda zafi," in ji Malam Kalilu.

Zakiyyu ya yi dariya. "Haba mijin Yaya, yau wasan ya kai nan? Wa bai ɗaure tasa da roba ba? Batir nake riƙewa da ita."

"Ikrima ne yake ɗaure batir, don maƙallin tasa ya karye, kuma a ƙasa yake ɗaurewa. Naka maƙallin lafiyarsa lau. Ka ce tana ina lokacin sallah?"

"Na gaya maka, a aljihuna, ina cikin sahu."

"Suhaibu, faɗi abin da ka ji."

Suhaibu ya faɗa, da huɗubar da ladan da ya ɗauka ana nema masa. Wasu suka fara dariya. Da ya zo kan zabi, dariyar ta tsaya. Mutane da yawa a zauren sun ga babur ɗin Zakiyyu a jingine a bangon masallaci jiya, da kwandon zabi a ɗaure a baya.

"To wataƙila a jakar babur na bar ta," in ji Zakiyyu. "Kaya ne suka danne ta. Tsautsayi ne."

"Yanzu ka ce tana aljihunka," in ji mai gari. "Kuma kaya ba sa naɗa roba."

Zakiyyu ya dubi ƙofa, ya ga ba hanya. Ya dubi Malam Kalilu, shi kuwa ƙasa yake kallo. Malam Nagoggo ya ɗago kai a karon farko.

"Ɗan nan, ni ba ruwana da rediyo. Ina shanuna?"

Zakiyyu ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, da ƙyar ake jin sa. "Suna wani gida a tsallake, ba a fitar da su kasuwa ba tukuna. Ɓarayin sun ce ba za a taɓa kowa ba. Na ɗauka kowa zai ce na'ura ce ta yi gardama, a bar maganar. Ban san za a kama yaron ba."

"Da aka kama shi fa?" in ji Isyaku. "Wa ya fara kawo mini matacciyar oba-oba?"

Daga lungu Munzali ya ce, "Kawu?" Bai ƙara komai ba.

Samarin waje suka fara turo ƙofa. Isyaku da Ikrima suka tare, mai gari ya daka tsawa, aka fitar da Zakiyyu ta ƙofar baya zuwa ɗakin da aka fito da Munzali. Mai gari ya ce wa Munzali ya tashi ya tafi gida, gari ya ɗauki alhakinsa. Waɗanda suka mare shi jiya suka buɗe masa hanya, kowa yana kallon wani wuri.

*

Malam Kalilu bai bi ɗansa ba. Ya tsaya sai da aka tsara waɗanda za su raka jami'ai neman shanun, sannan ya nufi gida a hankali, yana tsayawa gaisuwar da ba ta zama dole ba.

Ya tarar da Safiyatu a bakin murhu. Tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Ta zuba tuwo a kwano ta rufe, tana neman wanda zai kai ofishin sintiri kafin mota ta zo. Da ta ga fuskarsa sai ta saki ludayin.

"Malam, sun tafi da shi?"

"An sake shi. Yana ɗakinsa wajen matarsa."

Ta durƙusa a nan inda take, ta kai goshi ƙasa, ta daɗe tana hamdala. Da ta ɗago tana share ido da gefen zane, ta jawo kwanon za ta buɗe.

"Bari in juye wannan, ya ci mai zafi a gida."

"Kada ki juye. Akwai mai ci a ɗakin ajiyar."

Ta dube shi. "An kama wani? Ɗan garin nan ne?"

"Ɗan garin nan ne."

"Allah ya isa tsakaninmu da shi! Wane ne?"

Malam Kalilu ya zauna a kan turmi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Zakiyyu ne."

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya riƙe da murfin kwanon, tana kallonsa.

"Wa ya gano?"

"Ni."

Wutar murhu ta ci itacen har ya faɗo waje, ba wanda ya tura shi. Can ta buɗe kwanon, ta ɗebo miya ta ƙara, ta tsamo tsokar naman da ta ajiye wa ɗanta ta sa a kai, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle.

"Ni ba zan iya ganinsa ba," in ji ta. "Kai za ka kai masa."

Malam Kalilu ya mayar da hularsa, ya ɗauki kwanon. Yana fita ana kiran la'asar, ya ƙara sauri don ya riga motar isa.